Karen da ake yi wa gadi

"Alhaji, me wannan yake tsaro?"

Baffana ne ya yi tambayar, yana leƙen wani ƙaton kare a keji, a gidan maƙwabcinmu Alhaji, a unguwar Takur. Farkon shekarun shari'a ne, ya zo ganin likita daga rugarsu ta wajen Jahun.

Alhaji ya ce, "Ai Baffa, asalinsa karen kiwo ne na Turawa, amma irin na gasar kyau. Kuɗinsa ya kai na bijimi. Ba ya aiki. Maigadi ma na ɗauka saboda kar a sace shi."

Baffa ya daɗe yana kallon karen.

Ya ce, "Ni nawa karen, Duna, ƙwaryar nono na bayar tukuici, don mu ba ma cinikin kare. Kunne ɗaya gare shi, ɗayan ya bar wa kura ranar da ta zo ɗaukar maraƙi. Naka kuwa, kai ne makiyayinsa."

Ɗazu na ga tallan irin karen Alhaji a waya, sai Duna ya faɗo min a rai. Jama'a, a wurin aikinku, wa ake yi wa tsada: mai kyan gani, ko mai kunne ɗaya?