Hular Bappa da Kilif ɗin Inji

Yau makanike ya ɓalle kilif ɗin injin markaɗena, ɗan ƙarfen nan da ake turawa ta gefen shaf, sandar da ke juyawa, don ya riƙe fuli, wilin da bel ke ja. Kilif ɗin ya yi tsalle ya faɗa yashi. Har azahar muna tonon ƙasa kamar kaji, mata suka kwashe robobinsu suka tafi wani injin. Makaniken kuwa wai in bari ya ɗaure fulin da waya!

Takaici ya tuno mini Bappa, ƙanin mahaifina. Shekarar da muka gudo unguwar Rumde daga Mubi, wannan tsohon injin ne ya ciyar da mu. In zai cire kilif, sai ya tuɓe hularsa ya kifa a kan shaf, ya zura sukudireba ta ƙasa. Sai dai a ji "tis" a cikin hular.

Wata Juma'a na yi mita: "Bappa, da warin giris za ku je masallaci?"

Ya ce, "Hula tana wankuwa, 'yata. Wannan in ya tashi, tuwonmu ya tashi."

Allah ya lulluɓe ku da rahama, Bappa, yadda kuka lulluɓe abincinmu.