Guɗar da Na Yi wa Jirgin Ɗan Fari

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, ku saurara. Wannan ba tatsuniya ba ce. Da idona na gani, idon ma sabo fil, don a shekarar aka cire mini yanar ido a Alƙahira. Ina faɗa ne ana rubutawa, ni alƙalami bai san hannuna ba. Na ga abin, amma har yau ban ce na gane shi ba.

A gidan ɗana na fari na sauka, wanda bakina bai taɓa kama sunansa ba. Yana gyaran waya a kasuwar Ataba, gidansa kuwa a unguwar Faisal, can sama inda tsani ke ƙarewa. Ranar da aka kwance mini ido, abin da na fara gani sosai shi ne ƙananan jiragen sama rataye a rufin ɗaki ɗaya, kowanne faɗinsa ya kusa gaba guda.

Na tambayi matarsa, na ce, "Na yaran ne?"

Ta ce, "Na babansu ne, Inna. Yaro ya taɓa ɗaya, ranar ba mai cin tuwo da daɗi a gidan nan."

Mutum da furfura a gemu! Sai ta zauna ta yi mini bayani. Wai akwai wasu dattawan Misirawa da ke haɗuwa a wani fili bayan gari. Kowa ya ƙera jirginsa da wani katako mara nauyi kamar cikin kara, ya ɗaura masa siraran wayoyi biyu, ya tsaya a tsakiya yana juyi, jirgin na kewaya shi. Sau ɗaya a shekara suna gasa. Kafin a tashi jirgi ko ɗaya, sai a jera su a ƙasa sahu-sahu, alƙalai su duba kyan aiki. Wanda ya fi kyau, sahun gaba. Shi kuwa shekara da shekaru nasa na sahun baya, kuma shi kaɗai ne baƙo a cikinsu.

Ta ce, "Sahun gaban nan, Inna, ko a mafarki shi yake ambata."

A lokacin yana kan wani sabon jirgi. Ya gama ƙashinsa, saura rufin fiffike. Siliki ake jiƙawa, a ja shi a kan katakon, a shafa wani ruwa mai hawa kai. Ya ja, ya bushe da tamoji kamar goshin tsohuwa. Ya yage, ya sake. Ya yage, ya sake. Ni ina bakin ƙofa da carbina, ina yi kamar ba shi nake kallo ba. Da na ga ƙyallen zai ƙare, sai na ce wa bango, "Ba daga baki ake jan ƙyalle ba. Daga tsakiya ake korarsa."

Can ya ce wa bangon shi ma, "To a nuna mini."

Na yi shekaru ina ɗinkin hula, ƙyalle ba ya mini gardama. Da farko ya riƙe gefe na riƙe gefe. Sannu a hankali ya saki, ya koma miƙo mini ruwa. Fiffike biyu, sama da ƙasa, na rufe su kafin la'asar. Tun da aka yaye shi aka kai shi wurin yayata, ban taɓa zama da shi mai tsawo irin na ranar ba. Ba mu yi wata hira ba. Da ya bushe ya ɗan ƙwanƙwasa da yatsa, ya yi ƙara kamar ganga.

Sauran aikin nasa ne. Ya shafa fenti, ya goge, ya sake shafawa, ya sake gogewa, makonni, har na rasa ko sa fentin yake so ko cire shi. Daga ƙarshe jirgin ya fito ja da ruwan madara, kana ganin haƙoranka a jikinsa.

Ana gobe gasa, matarsa ta same ni ina tsince shinkafa. Ta durƙusa tana murza bakin zane.

"Inna, in mun je, kada ki ce kin taɓa jirgin nan."

"Najasa ce a hannuna?"

"A'a, wallahi. Doka ce. Sai wanda ya ƙera da hannunsa shi kaɗai ake ba wa makin kyau."

Na ce, "Tayar, shi ya ƙera?"

"Saya ya yi."

"Injin fa?"

"Daga waje aka kawo."

"To an yarda da hannun wanda bai taɓa gani ba, an hana hannun da ya yi masa wanka yana jinjiri?"

Ta ce ita ma haka ta ji shi. A garinmu in mutum zai yi rufin ɗaki, unguwa yake kira, kuma yawan waɗanda suka zo shi ne girmansa. Wanda ya yi aiki shi kaɗai tausayinsa ake ji, a ce ba shi da kowa. Ga shi nan an ce rashin kowa ne abin yabo. Na ce to, na ji.

Da safe muka shiga ƙaramar bas ɗin haya da suke kira mikrobas, jirgin a kan cinyoyinmu naɗe da bargo, ɗana na roƙon direba ya yi a hankali, direba na cewa "tamam", wai ya ji, yana ƙara wuta. Filin yashi ne da kwalta tsohuwa. Aka ba ni kujera a inuwa tare da matan wasu.

Aka jera jirage. Alƙalai uku suka fito, babbansu wani tsoho mai sanda. Manya-manyan mutane suka durƙusa a kan kwalta, suka kwantar da kumatu suna leƙen cikin jirgi, suna karkata kai don rana ta nuna musu aibu. Ba mai tari. Ni da na ga shirun sai na ɗauka addu'a za a yi, har na ɗaga hannu. Su ɗauki wannan su kai gaba, su dawo da wancan baya, masu jiragen na tsaye hannu a ƙirji kamar masu jiran haihuwa. Namu aka ɗaga shi sahu ɗaya. Aka sake ɗagawa. Sai ga shi a gaba. Matar ɗana ta matse mini hannu har ya yi zafi.

Sai tsohon ya yafito ɗana. Ya bi saman fiffiken da tafin hannu, bai taɓa ba, ya yi tambaya da Larabci. Ɗana ya dubi ƙasa. Ya ɗago ya dube ni. Na kawar da kai, yadda na saba. Na ji muryarsa yana ba tsohon amsa, maganar ba ta da tsawo. Alƙalan suka haɗa kai suna gardama da hannuwa. Can tsohon ya ba wani sandarsa, ya ɗauki jirgin da hannu biyu, ya wuce sahun gaba da shi, ya kai shi kusa da teburinsu ya ajiye shi shi kaɗai.

Ku faɗa mini, me za ku ɗauka? Na ga an kai shi gaba, na ga an kai shi gaban gaba. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da ko ranar aurensa ɗaki na shiga na rufe, na kama hanci na rangaɗa guɗa har filin ya amsa. Matan Misirawan da ke gefena suka ji, suka ɗauka da irin tasu. Wasu maza suka fara tafi suna waige-waige.

Matar ɗana na jan mayafina. "Inna! Inna, zauna! Cire shi aka yi!"

Na zauna. Tsohon ya tako har gabana, ya dafa ƙirji, ya ce, "Mabruk, ya Hajja." Ya ƙara da, "Ma'alish, ya Hajja." Kalmomin biyu duk na san su, ɗaya ta murna ce, ɗaya ta ban haƙuri. Na rasa wacce zan amsa, na ce amin.

An bar shi ya tashi jirgin, makin kyau ne kawai babu. Ya tsaya yana juyi, jirgin na kuka, ya hau, ya kifa, ya taho kamar zai ci ƙasa. Da ya sauka duk jikinsa mai ne da yashi. Abin da aka yi makonni ana gogewa.

A hanyar gida na ce wa tagar mota, "Me aka ce wa tsohon?"

Ɗana ya ce, "Cewa ya yi bara fiffikena ba haka yake ba, wa ya rufe wannan. Na ce mahaifiyata."

"An ce mini a yi shiru."

"Ni na aiko, Inna. Amma kina zaune a wurin."

"To na gyara ne ko na ɓata?"

Ya ce, "Ashe kin iya guɗa."

Matarsa ta tuntsire da dariya har ta sa mayafi a baki. Amsar da na samu ke nan.

Jirgi na gaba da ya ƙera, rufe ƙofa ya yi. Ina falo ina jin ƙyalle na yagewa, hannuna na motsi a cinyata. Ya fito da tamoji a gefen fiffike ɗaya, ni daga nesa ma ina hango shi. Ban je gasar ba. Ya dawo yana ta fara'a, da tiren basbusa, kayan zaƙin Misirawa, har ya aika wa maƙwabta. Sahun tsakiya aka sa shi.

Tsohon alƙalin, an ce gwiwa ta hana shi durƙuso, ya bar alƙalanci, yana zuwa kallo kawai. Filin an gina gidaje a kansa, sun koma wani mai nisa. Matar ɗana ta buɗe ɗinki a gida, ita ke yi wa matan ɗalibai na unguwar Abbasiya kayan salla. Shi kuwa yana nan yana ƙerawa, bai kai sahun gaba ba tukuna, kuma ba ya ƙorafi. Ni na dawo gida. In mata suka tambaye ni ko ɗan nawa ya ci gasar, wata rana na ce ya ci, wata rana na ce bai ci ba, ya danganta da yadda na tashi.