Ranar da Aka Gyara Kibiya Ba a Gaya Mini Ba

Har yau in na tuna injiniyan hedikwatarmu, shayi ɗaci yake yi mini a baki. Lokacin ina aiki a wani kamfanin casar shinkafa a hanyar Maikunkele, ni ke karɓar kayan manoma. A auna buhuna, in shigar a kwamfuta, in danna "an karɓa", sannan mai gadin sito ya buɗe ƙofa. In ban danna ba, ko gwamna ne ya kawo kaya a waje zai tsaya.

Kwamfutar kuwa ba a Minna take ba. Wai tana Abuja, kuma a can ɗin ma ba ta da jiki, ƙirƙirar ta aka yi a cikin wata kwamfutar. Ni leƙe nake yi ta intanet. Sai allona ya zama da kibiya biyu, tawa da ta can. In na ja linzamin kwamfuta, kibiyata ta isa, ta can ta tsaya baya tana jan ƙafa, kuma ita ce mai dannawa. Na buga wa injiniya waya har kunnena ya yi kanta, kullum amsarsa ɗaya: "Ana dubawa, Oga."

Da na gaji sai na koyi zama da ita. Na gane ta can kullum tana yatsa biyu hagu da tawa. "An karɓa" na hagu, "an ƙi" na dama. Saboda haka in zan karɓi kaya, sai in ɗora tawa a kan "an ƙi" in danna. Hannuna ya saba, har ina yi ina hira, ina ɓare gyaɗa.

Wata Litinin a ƙarshen damina wani dattijo Bagwari ya kawo shinkafarsa a akori-kura, ga hadari ya haɗo ta wajen filin jirgi.

Ya ce, "Malam, yi sauri, ruwa tana zuwa."

Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka, ni da na'urar nan tare aka yaye mu."

Na ɗora, na danna. Allo ya yi ja: an ƙi. Kayan da aka ƙi kuwa ba ya sake shiga sai manaja ya amince washegari. Sai a lokacin na lura kibiya ɗaya ce tal a allon.

Na kira injiniya ina huci.

Ya ce, "Af, ai na gyara ranar Asabar, Oga. Wata 'yar manhaja ce ba a sa wa ta can ba. Ba ka ji daɗi ba?"

"Daɗi? Wata da watanni ina roƙon ka, ka tashi gyarawa ka kasa buɗe baki? Tela ma in ya rage wa mutum wando yana faɗa!"

"Na ɗauka za ka gani."

"Da wane idon? Tun azumi na daina kallon ta!"

Mai gadi ya rantse ba zai buɗe ba, aikinsa zai tafi. Ruwa ya sauko. Ni da Baba da direba muka dinga jidar buhuna zuwa ofishina, ina ɗauke da buhu a ka da tumbi a gaba, ina zagin Abuja da kewayenta. Ofis ya cika har silin, sauran kayan suka sha ruwa a mota.

Washegari manaja ya amince, aka karɓi busassun. Jiƙaƙƙun kuwa ma'aunin danshi ya ce sun yi laima, dole na ƙi su da hannuna. Baba ya tsaya yana kallo ana mayar da su mota. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗaure kayansa, ya ce mini, "Malam, sai wata rana." Bai ƙara kawo mana ko tiya ɗaya ba.