Ramin da Dinatu ta bari a daɓe

Wanda ya san Chikaji ya san dogon ginin nan mai rufin kwano da ya yi ja don tsatsa. Asalinsa sito ne na auduga, daga baya wani kamfani ya mai da shi masana'antar kayan wutar mota: ham, kwayil, wayoyin batir. A nan Dinatu ta shiga tana budurwa daga Samaru, aka ba ta injin naɗa waya, irin wanda ake juyawa da hannu. Ta yi aure a kansa, ta yaye 'ya'ya a kansa, har waya ta yi mata kanta a yatsu.

Da kayan waje masu arha suka cika kasuwa, kamfanin ya mutu murus. Ma'aikata suka watse. Dinatu dai, mai taurin kan tsiya, ba ta je ko'ina ba. Kullum sai ta buɗe ƙaramar ƙofar baya ta zauna a kan injinta, direbobi na kawo mata altaneta da kik na tayar da mota da suka ƙone tana sake musu naɗi. Da shi take ci, kuma ba ta iya wata sana'a ba.

A shekara ta 2004 Mista Emenike, dillalin kayan mota a Sabon Gari, ya sayi ginin. Me zai zuba a ciki? Kayan wajen nan da suka kashe kamfanin! Wannan ya ƙona wa Dinatu rai ba kaɗan ba. Ya kira masu sayen tsohon ƙarfe suka kwashe komai, saura injinta, don ƙafafunsa a cikin siminti suke, notikan kuma sun ci tsatsa.

"Mama, gobe za a yanka shi," in ji Emenike. "Kada ki damu, zan ba ki aikin shara."

"Shara? Ɗana, kana rarrafe nake naɗa waya a ɗakin nan."

Ya yi dariya. "To in kin iya ɗaga shi, ki tafi da abinki."

Ai kuwa ya faɗa wa mai ji. Da safe sai ga ta da diga a kafaɗa, ta ci ɗamara da zanen zumuntar matan coci. Ta hau saran daɓe. Masu yankan ƙarfe suka tsaya suna kallo, wani yana cewa tsohuwa za ta karya ƙugu a banza. Tafin hannunta ya fashe, ta naɗe shi da tsumma ta ci gaba. Wajen la'asar injin ya yi girgiɗi, ya taso da guntun daɓensa manne a ƙafa. Waɗanda suka yi mata dariyar su ne suka ɗora mata shi a amalanke, ba mai kallon idon wani.

Ba ta yi nisa ba. Tsallaken titi ta kafa shi, ƙarƙashin dalbejiya, daidai ƙofar ginin da ya zama shagon Emenike. Emenike ya sa an cike ramin, amma sabon simintin ya ƙi sajewa da tsohon. Duk direban da ya shiga sayayya sai ya tambayi abin da ya faru a wurin, yaran shago su nuna masa tsallaken titi. Can zai hango ta tana juya injinta, ko kai ba ta ɗagawa.