Ranar da Na Kulle Baba a Kurmina

A shekarun baya ni direban babbar mota ne, ɗan ƙasar Kiru, kuma itace da gawayi na fi ɗauka. Daga ƙauyukan Doguwa nake yin lodi, in biyo ta Tudun Wada in ɓullo Kwanar Dangora, in miƙe Kano. Mutum ne ni mai saurin fushi da taurin kai, in na kafe a kan abu ko jaki sai ya sara mini. Na rubuto muku ne don abin nan ya daɗe yana cina a rai, kuma har yau na kasa faɗarsa a gaban waɗanda suka san ni.

Dazuzzuka da yawa sun zama fili a kan idona, wasu ma a bayan motata suka tafi birni. Da ciwon baya ya sa na ajiye tuƙi, sai na ji wasu magada za su sayar da wani ɗan kurmi a bakin rafi, can wajen Doguwa. Bai fi gonar mutum ɗaya ba, amma wallahi ranar da na fara shiga sai da na ji sanyi har cikin raina. Ga maɗaci manya, ga ɗorawa da kaɗanya, ga kanya da marke, ga ƙirya irin wadda masu gawayi ke nema ido rufe. Na tattara abin da na tara na saya. Abokaina na tasha suka yi ta yi mini tsiya, wai an ba kura ajiyar nama, kafin damina za su ga kurmin a cikin buhuna. Wannan tsiyar ta ƙara tunzura ni, na rantse ko tsinke ba za a cire a wurin nan ba.

Na sa aka kafa turaku aka zagaye shi da waya mai ƙaya, layi a kan layi, a ɗame, ta ƙasan ma ko ɗan akuya ba zai ratsa ba. Ƙofa ɗaya na bari, na sa mata kwaɗo. Da kaka ta yi, mutanen ƙauyen suka zo neman izinin yankan gamba don saƙar zana kamar yadda suka saba tun zamanin mai wurin na farko, na ce sam. Wani bafulatani da ke da ruga a ƙetaren rafi ya zo da gaisuwarsa mai tsawo, ya ce shanunsa sun saba lasar ciyawar wurin in an gama girbi, na ce ya nemi wani wuri. Matan da ke tsintar kaɗe da ƙirare kuwa ban ma tsaya na saurare su ba. Babu wanda ya yi jayayya da ni, kowa ya ce Allah ya sa alheri ya juya.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin kurmin nan. Nakan hau babur in je da tabarma da butar shayi, in kishingiɗa a gindin wani maɗaci kusa da rafi, kurciyoyi na kuka, zabin daji na wucewa ta gabana ba tsoro. Damina biyu ba a yanka ba, ba a yi kiwo ba, gamba ta tashi har ta fi ni tsawo, busasshen ganye ya yi tudu a ƙasa. Ni kuwa ina alfahari, ina nuna wa mutane hotuna a waya ina cewa su ga yadda daji yake in an bar shi ya huta. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa sauran dazuzzukan yankin ake yi musu aski duk kaka, a cinna wa ragowar wuta tun tana da ɗan danshi ba.

Mahaifina yana zaune a gidana, ya tsufa, gwiwoyinsa sun ƙi, da sanda yake tafiya yana hutawa. Ya yi ta roƙona in kai shi ya ga wurin da ya ɗauke mini hankali. Wata rana da bazara, zafi kamar a toya ƙwai a ƙasa, na ɗora shi a babur muka tafi. Na shigar da shi har gindin maɗacin nan, can ƙarshen kurmin, na shimfiɗa masa tabarma. Ya yi ta kallon sama yana kiran sunayen itatuwa ɗaya bayan ɗaya, ya ce rabon da ya ga ƙirya mai kauri haka tun yana saurayi. Bayan azahar ya ce yana sha'awar fura. Na ce ya zauna yanzu zan dawo. Da na fita, hannuna da kansa ya danna kwaɗon nan, don na saba, kuma don kada awakin mutane su shiga. Ban gaya masa ba, shi ma bai gani ba.

A cikin ƙauye, bayan na sayi furar, tayar babur ta sace, na tsaya wajen mai faci muna hira. Ina nan zaune na ga mutane suna ɗaga kai suna kallon yamma. Hayaƙi ne baƙi ƙirin ya turnuƙe, daidai inda kurmina yake. Na ji ana cewa wani ne ke ƙona sharar gonarsa iska ta kwashi wutar. Ban san lokacin da na yar da ledar furar ba, na bar babur na zura da gudu. Tun daga nesa nake jin ƙarar gamba tana fashewa kamar ana harbi. Ina isa na tarar wutar ta gefen ƙofa ta shiga, ƙofar kanta ba ta kusantuwa, kuma iska na kora ta kai tsaye zuwa bakin rafi, inda na bar Baba. Makullin yana aljihuna, amma ba shi da wani amfani. Maza sun taru da ɗanyun rassa suna bugun gefe-gefe, suna cewa in haƙura, dukiya ce, Allah zai mayar. Da na ce musu mahaifina na ciki kuma a kulle, wani dattijo ya dube ni, kallon da har in mutu ba zan manta ba.

Na zagaya ta bayan waya ina gudu ina kiran Baba, hayaƙi ya cika mini ido da maƙogwaro. Na haura wayar, ta tsage mini cinya da tafin hannu, ban ma ji ba. Na kai gindin maɗacin, ga tabarma, ga takalmansa, babu shi. Na shiga dube-dube ina ƙwala masa kira. Wutar ta matso har ina jin hucinta a fuskata, tartsatsi na zubo mini a ka. Sai na jiyo ihun mata daga kusurwar rafi. Da na kutsa na same shi kwance rubda ciki a gindin waya. Da jan ciki ya kai kansa wurin, ya yi ƙoƙarin ratsawa ta ƙasa, ƙayoyin suka riƙe masa riga da fatar baya, ya kasa gaba ya kasa baya. Wasu mata da ke wanki a rafi sun naɗe hannuwansu da ɗankwali suna ɗaga wayar, amma da yake tun farko na sa an ɗame ta sosai, ta ƙi ɗaguwa. Bafulatanin nan ne ya tsallako rafi da gatari ya yi ta saran turken har ya karye, muka ja Baba waje, ƙasan wandonsa na ci da wuta, muka tsoma shi a ɗan ruwan da ya rage.

Ya daɗe a asibiti a Tudun Wada. Ƙafafunsa sun warke da tabo, amma ƙirjinsa bai koma daidai ba, kuma tun daga ranar bai sake taka ƙasa da kansa ba, sai an ɗauke shi. Manyan itatuwan sun babbake, wasu sun sake tohowa, wasu sun mutu a tsaye. Na cire wayar gaba ɗaya. Amma abin da ya fi ƙona ni shi ne abin da Baba ya riƙa gaya wa masu dubiya. Duk wanda ya tambaya yaya aka yi ƙofa ta kasance a kulle, sai ya ce shi ne ya matsa mini in kulle don yana son ya yi barci kada a dame shi. Ya faɗa wa ƙannena haka, ya faɗa wa matata haka, ina zaune a gefen gadonsa kaina a ƙasa. Da muka kaɗaita na fara ba shi haƙuri, ya ce in rufe bakina, ba ya son a riƙa nuna ɗansa da yatsa bayan ba ya nan.

Abin da na koya shi ne daji ba ɗaki ba ne da za ka kulle ka sa makulli a aljihu. Masu lauje da shanun da na kora su ne ke tsare kurmin nan shekara da shekaru, ni kuwa na ɗauke su ɓarayi, ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Duk wanda Allah ya ba irin wannan wuri, ya bari a yanke ciyawa da kaka, ya share gefe, ya bar ƙofa fiye da ɗaya, kuma kada ya taɓa kulle rai a ciki ko da zai je ya dawo ne yanzu. Baba ya rasu bara. Har gobe 'yan'uwana in an tuna zancen sukan ce Allah ya jiƙan tsoho, rigimarsa ce ta jawo masa, ni kuwa ina ji ina cewa amin.