Silimar da Na Kai Riruwai a Baki

Ana sallame sallar asuba muka fita daga Bebeji, ni da jakina da wani maƙwabci da zai raka ni bakin titi ya komo da jakin. Ba fatauci ya fitar da ni ba. Matar ƙanena ce ta haihu, namiji, suna yana matsowa, uban ɗan kuwa yana Riruwai wajen haƙar kuza, ya tare a gidan wata mai tuwo, tun shuka ba aike ba saƙo. Ni ne babba, ni ne kuma gwauron gidan tun da mai ɗakina ta rasu, saboda haka ni ake aika. Itacen wankan jego ma ni nake faskarawa da wannan tsohon ƙugu. Wani ya sha rake, an bar ni da shara.

A Kwanar Dangora muka yi zaman jiran mota har hantsi ya dubi ludayi. Na ci ƙosan kwabo, mai tuyar ta yi mini gyara ɗaya don ta ga furfura. Da lori ta zo, ɗauke da gishiri da kanwa, direba ya ce sule uku. Na rantse masa ni maraya ne. Ya dube ni ya ce duk mai shekaruna maraya ne, in hau ko in matsa.

A kan buhunan na faɗa kusa da wani tela, mutumin Kiru mai ɗinki a Kano, bakinsa ya fi kekensa gudu. Shi ya ba mu labarin silimar da ya gani a Sabon Gari, inda mutane ke yawo a jikin bango. Harshensu bai ji ba, amma ya ce kuka ba ya bukatar tafinta. Wani magidanci ne mai mata da 'ya'ya, ya je wani gari aiki, wata mawaƙiya ta tafi da hankalinsa. Ana nan ɗansa ya kwanta ciwo, aka aiko masa. Ga shi tsaye a bakin kogi, jirgin gida yana jira, ita kuma ta riƙe hannun rigarsa. Na miƙa wuya kamar zalɓe. Sai motar ta tsaya, ashe mun iso Tudun Wada. Tela ya sunkuci ƙunshinsa ya dire.

"Kai ɗan nan, ya tafi ko bai tafi ba?"

"Sai wani jiƙon, Baba!"

Daga nan daji ya haɗiye mu. Falgore ba gari ba gona, sai itatuwa da ƙarar inji da gargada mai kaɗa haƙora. Na ga birai a gefen hanya, babba yana yi wa matarsa tsifa, na kau da kai, don har biri ya fi ni abokin hira. A nan na yanke shawara: tun da ba ni da ilimin wa'azi, allona ma bai taɓa cika ba, da silimar nan zan kama ƙanena. Ƙarshen da babu kuwa, ni zan ɗinka shi.

Na kwana a Doguwa, na karya da masara gasasshiya da nonon wata Bafillatana da ta rantse ba ta sa ruwa ba, ni ma na rantse na yarda. Sauran hanyar a ƙafa na yi ta, cikin duwatsu, da rafuka masu sanyin da ke shiga ƙashi.

Na sami ƙanena ya rame, ya yi jajawur da ƙasar rami. Ya durƙusa ya gaishe ni bai ɗaga ido ba. Na taho da niyyar ganin shaiɗaniya, sai ga mace mai kamun kai, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo tuwon dawa da miyar kuka har da man shanu. Na ci, na ƙara. Kunya ba ta hana ni loma.

Na sanar da shi haihuwa, sannan na gyara zama na ce kwanan nan na shiga silima a Kano. Na kwashe labarin tela kaf. Da na iso bakin kogi sai na saki linzami: mutumin ya ƙi tafiya, ɗan ya tashi bai san ubansa ba, shi kuwa ya makance, maciji ya sare shi, ya mutu a kasuwa ba mai wanka. Ƙanena ya yi tagumi. Sai matar ta yi magana daga bakin murhu.

"Baba, ita mawaƙiyar fa, ina ta ƙare?"

Duk tsawon dajin nan ban tuna da ita ba.

"Ba su nuna ba," na ce.

"Haka ne," ta ce. "Ba a nunawa."

Da safe ita da kanta ta ɗaure masa kayansa, ta sa mana guzurin dambu. Ba ta yi rakiya ba. Da na waiwaya daga kan tudu, tana tsaye da muciya a hannu, tukunya na tafasa ba ta duba ba.

Mun iso Bebeji ana jajibirin suna, mata suka rangaɗa guɗa, washegari ya gaya wa liman sunan ɗansa, aka yanka rago, aka yi ta sa mini albarka.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, dawo da mutum gida ba wuya, wuyar ita ce wani za a bari a tsaye. Ƙanena yana da mai jiransa a nan, da mai kewarsa a can. Ni kuwa da taro ya watse na koma ɗakina, na tarar da ƙofar yadda na ja ta, gizo-gizo ya yi mata saƙa. Na ɗan tsaya na yi sallama, don dai ɗakin ya ji murya.