Zaman da Na Yi Bisa Ruɓaɓɓen Katako

Shekarun baya, daf da faɗuwar jamhuriya ta biyu, sa'ad da aka shiga tsuke bakin aljihu, ina da jirgin fito na katako a gulbin da ke wajen Lambara. Idan damina ta kankama, ni ke ƙetarar da mutane da awakinsu zuwa kasuwar Shagari. A wancan zamani ban yarda akwai jirgin da ya kai nawa ba, kuma ban bar kowa ya manta da hakan ba.

Sai wani katako a cikin jirgin ya fara ruɓa. Katako ya yi tsada, girman kai kuwa ya hana ni faɗi. Na shafe wurin da kwalta, na bi shi da fenti, na kama bakina.

Ana nan sai mai gari ya yi umarni cewa ba jirgin da zai taɓa ruwa sai an duba shi, wanda aka samu da aibu kuwa ba shi ba fito. Wanda aka ɗora wa aikin abokina ne tun na ƙuruciya, makanike a wani kamfanin noman rani. Ya zo da wata na'ura mai girman akwati, da suke duba injinan ban-ruwa da ita. Tana da ɗan gilashi kamar na talabijin, inda abu mai zafi ke fitowa ja, mai sanyi kuma shuɗi. Ya bayyana wa jama'a cewa lafiyayyen katako yana ɗaukar zafin rana, wanda ya sha ruwa kuwa sanyinsa ba ya ɓoyuwa, ko an lulluɓe shi da fenti.

Da jin haka na tattara babbar rigata, na shiga jirgin da ke bisa tudu, na zauna daram a kan wurin, na baza riga kamar mai jiran gaisuwa.

Abokina ya haska gaba, ya haska baya, sannan ya tsaya a kaina.

Ya ce, “Sarkin jirgi, a ɗan gusa.”

Na ce, “Ƙahwa ce ke ciwo.”

Ya ce, “Ƙahwar da ta yi tsallen shiga jirgi yanzu? Mi kaka ƙyanƙyasa nan?”

Na ce masa dattijo ba ya tashi don akwati. Mai gari, wanda ya girme mu duka, ya ce a hankali, “To, tashi don ni.”

Na tashi. Abokina ya juya na'urar kan wurin ya duba, sai kafaɗunsa suka soma rawa don dariya. Ya yafito mai gari, mai gari ya leƙa, ya rufe baki da hannun riga. Na leƙa ni ma. Ga katako shuɗi tun daga farko har ƙarshe, a tsakiyarsa kuma ga jajayen da'ira biyu manya, kamar an kifa ƙore biyu.

Abokina ya ce, “Shuɗin nan ruɓa ce. Jan nan kau, jama'a, sa hannun mai jirgi ne.”

Aka yi dariya har masu wanki suka bar wankinsu suka zo kallo. Aka hana ni fito sai na sauya katakon, na yi mako uku ina kallon wasu suna ɗiban fasinjojina.

Ranar da kafinta ya ɓanɓare katakon, sai ya marmashe a hannunsa kamar tsohuwar waina. Daidai nan kuwa mata masu goyo ke zama, domin nan ne tsakiyar jirgi. Na tafi gidan abokina na yi masa godiya, abin da ya fi biyan kafinta yi mini wuya.

Yau idan na tuna, nakan gane cewa na fi tsoron a yi mini dariya fiye da a yi wa wasu makoki, kuma Allah Ya taimake ni da dariyar. Sai dai har gobe, in na tashi daga tabarma a gaban mutane, sai na ɗan waiwaya na duba wurin.